Mutumin da Ya Sari Dajin Nan Kafin Ku

'Ya'yana da jikokina na Babban Duhu, da na Runka da Zakka da Wagini da sauran garuruwan bakin dajin Rugu, da waɗanda ke gida da waɗanda rashin kwanciyar hankali ya kai Batsari ko Dutsinma ko birnin Katsina, ina yi muku jaje. Akwai wata magana da ta yawaita a bakinku, ita ce ta sa na ga ya kamata in ce wani abu. Kuna cewa ba a taɓa ganin irin wannan ba, ƙasar nan ta ƙare, gara mutum ya sayar da gonar gado ya sayi babur ya shiga gari. Zafin da ke cikin zuciyarku gaskiya ne, ba wanda ya kwana a daji da yara don tsoron harbi da zan ce masa ya cika raki. Sai dai batun ba a taɓa gani ba, a nan ne nake so ku ba ni aron kunne. An taɓa gani, a kan wannan ƙasa da kuke takawa, kuma akwai mutumin da ya rayu a cikinsa ya bar muku gona. Sunansa bai shiga littafin tarihi ba, domin littafi na sarakuna ne da mayaƙa. Manomi ne kawai.

Bayan jihadi, a 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama Sarkin Katsina. Tsohon gidan sarauta ya yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa, ɗan wannan gida, ya kafa zamansa a Maraɗi wajen 1819. Tun daga nan yammacin Katsina ya zama hanyar dawaki. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar Gobir da Maraɗi, Rauda na Maraɗi ya faɗi a wurin. Wanda ya gaje shi, Ɗan Mari, ya sami goyon bayan garuruwan yankin Ruma, suka yi wa Katsina tawaye. Sarkin Katsina Siddiƙu ya murƙushe tawayen da hannu mai nauyi ƙwarai, aka rushe garuruwa, mutane suka watse, wasu aka kashe, wasu aka kama, wasu suka yi gudun hijira. A 1844 Sakkwato ta tuɓe Siddiƙu, amma aikin gama ya gama. Gonakin da aka shekara ɗaruruwa ana nomawa suka koma sabara da geza, sannan manyan itatuwa suka rufe su. Wani babban ɓangare na abin da muke kira daji a yau, a da karkara ce mai gari da kasuwa. Shi ya sa maharba da masu kiwo suke cin karo da kufai a ciki, kukoki a tattare wuri guda, tsingaro a ƙasa, tsohon dutsen niƙa kife a ciyawa.

A 1853 Baturen nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya tashi daga Katsina zuwa Sakkwato. Ya bi ta Kuraye da Kurfi ya sauka Zakka, daga nan ayarinsu ya ratsa dajin a gaggauce, ba tsayawa, don tsoron mahara, har suka fita wajen Zurmi. Zakkar nan taku ce dai. Bayan wannan aka yi zamanin Ɗan Baskore na Maraɗi, wanda ya fi shekara ashirin yana kai hari ƙasar Katsina da gaba da ita. Wato yaron da aka haifa a yankin nan wajen 1840 ya girma, ya yi aure, ya yi furfura, bai san daminar da aka noma ba tare da sauraron kuge ba.

To yaya ya yi noman? Ya kwana cikin gari mai ganuwa ko ƙauye mai kafi, an kewaye shi da gwalalo da sarƙaƙiya. Duwatsun ƙasar nan, irin na Ruma da Batsari, sun ceci rayuka da yawa, don doki ba ya hawan dutse. Da sassafe a buɗe ƙofa, ya fita da hauya a kafaɗa, baka da kwari a rataye. Ba ya nisa. Gonar da ta wuce inda za ka ji ihu ka kai ƙofa a guje, ba gona ba ce a wancan zamani. Akan ɗora yaro mai ido a kan dutse ko doguwar bishiya, in ya hango ƙura inda ba a saba ganinta ba sai ya yi kururuwa. Saboda gonar ta matsu kusa da gari, dole ya koyi ciyar da ita. Duk abin da ya fita daga gida, toka da shara da kashin awaki da na jaki, a mangala yake tafiya gona tun cikin rani, a jibge shi tsibi-tsibi. Ƙaramar gona mai taki ita ta riƙe gidaje a shekarun tsoro.

In an sami ɗan sauƙi, ko gida ya cika har abinci ya gaza, sai wani mai ƙarfin hali ya ce zai fita ya sari daji. Wannan shi ne mutumin da na fi so ku sani. Ba ya tashi haka kawai ya kama wuri. Sai ya je gaban mai gari da 'yar gaisuwarsa, a haɗa shi da wanda zai nuna masa inda ba hannun kowa, ya bi yana sarar jikin itatuwa don a san iyaka. Kafin ya ɗaga gatari ya riga ya karanta ƙasar. Ya duba irin ciyawar da ta fito, ya san jigawa ce ta gero ko laka ce ta dawa, ya san inda ruwa ke kwanciya da malka, ya nemi ƙorama ko gefen gulbi irin Bunsuru inda za a tona yashi da rani a sami abin sha. Sassabe aikin rani ne. A sare ƙananan itatuwa a tara, a bar su su bushe, da bazara a cinna wuta, tokar ta zama takin shekarar farko. Manyan da gatari ba ya iyawa, a tara musu kara a gindi a ƙona su a hankali. Amma fa ba kowace bishiya yake taɓawa ba. Ɗorawa da kuka da tsamiya da kaɗanya da kanya, waɗannan ya san miyarsa ce da mansa da abin da yara za su tsotsa ranar da tukunya ta yi jinkiri. Gawo kuwa ko kusa, domin ya ga da damina yake zubar da ganye ya bar wa shuka rana, da rani ya yi inuwa dabbobi su taru a gindinsa su bar taki. Ba malamin gona da ya gaya masa, shi ya lura da hatsin da ke gindin gawo ya fi na gefe tsawo.

Shekarar farko a bukka yake kwana, shuka tana fitowa tsakanin kututture. Da dare kura, da rana birai da gyado, in hatsi ya fara ido kuma ga tsuntsaye. Yara a kan rumfa da majajjawa tun hantsi har faɗuwar rana. Sai an ga kaka ta yi kyau sannan a kafa ɗaki, a ɗora jinka, a ja danga, a ɗauko iyali. In wani ya ga ya zauna lafiya, shi ma ya zo ya nemi gefe. Haka unguwa take zama ƙauye. Kusan duk garin da kuka sani, da gatarin mutum guda ya soma.

Yadda yake shuka ma abin lura ne. Ba ya zuba dukan begensa a abu ɗaya. Da ruwan farko, wani lokaci ma tun kafin ruwa in ya yi binne, sungumi yana gaba yana sara, mata da yara suna biye suna jefa gero suna rufewa da diddige. Bayan kwanaki a sa dawa a tsakani, in an yi noman farko da maimai a soka wake a ƙarƙashi. Gero wata uku ya isa yanka, shi ke fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina, ranar da aka gasa tumu an san an tsira. Dawa da maiwa suna biyo baya da kaka. In ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya kuɓuta, in ya yi yawa dawa ta ji daɗi, wake kuma ya ba da abinci ya ba da harawa. A gefe ga 'yar auduga ta sutura, ga baba na rini, ga duma yana hawan danga. In ƙuduji ya fara yawa a gona, ya san ƙasa ta gaji, sai ya bar ta ta yi saura, ya koma wani gefen.

Yanzu ku zo ga rumbu, don a nan hankalin mutumin yake. Ba ya sussuke hatsinsa duka. A zangarniya yake ɗaure shi dami-dami ya jera a rumbu, wanda aka ɗora kan duwatsu don gara da danshi, kuma kun san tun a ƙissar Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an yi nuni da barin hatsi a zangarniyarsa in ana son ya daɗe. Babban rumbu ba a buɗe shi da rani. Da kaka a rufe, maza su shiga sana'a, wani saƙa, wani ƙira, wani jima, wani ya kora jakai fatauci, a ci daga abin da hannu ya samo. Sai ruwa ya sauka, lokacin da kowa zai duƙa ba mai zuwa nema, sannan maigida ya buɗe. Gidan da ya amsa sunansa yana da hatsin bara a ajiye lokacin da na bana ke shigowa. Iri kuma daban yake. Tun a gona ake zaɓen zangarniyar da ta fi cika da tsawo, a ɗaure ta ita kaɗai a rataye inda hayaƙi ke bugunta. Ko yunwa ta kai ana cin tafasa da yaɗiya da dusa, ba a taɓa wannan damin. Na ji daga tsofaffinmu cewa in hari ya zo aka gudu, bayan yara, abin da mace take fara sunkuta shi ne ƙullin iri. Wanda ya tsira da iri ya tsira da gonarsa ko da an ƙone ta, don ƙasa ba ta ƙonewa.

Duk wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Gandu ne ya ɗauke shi. Uba da 'ya'yansa maza, har masu aure, wani lokaci da ƙannensa, suna noma babbar gona tare daga safe zuwa azahar, a ci daga tukunya ɗaya. Da yamma kowa ya wuce gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne. Shi kuma maigida a wuyansa iri yake, da kayan aiki, da haraji, da auren fari na kowane yaro. In aiki ya fi ƙarfin gida a kira gayya, a dama fura, makaɗi ya zo, a gama a yini abin da zai ci mako. Na san yau da yawanku kuna ganin gandu takura ce, kuma ban ce kowane uba ya yi adalci a cikinsa ba, an yi waɗanda suka ci gumin 'ya'yansu suka ƙara aure da shi. Amma ku duba abin da ya hana. In ciwo ya kwantar da mutum ɗaya a tsakiyar damina, ko kurkunu ya kama ƙafarsa, ko aka kama shi a hari, gonar ba ta kwana, matarsa da 'ya'yansa ba su rasa tuwo. Gado bai tsattsage ya zama ɗan fili da ba ya ciyar da kowa ba.

Ku 'yan mata, kada ku ɗauka labarin maza nake ba ku. Kakarku ta wancan zamani ita ta ɗebo ruwa daga nesa, ta yi surfe da daka da niƙa, ta kai fura gona da rana tsaka. Ita ta san ganyen da ake ci da wanda ke kisa. Ita ta mai da kalwa daddawa, ta fitar da man kaɗe, ta kaɗa auduga ta zama zare, zaren ya zama wuri a kasuwa, wurin ya zama akuya. Sau da yawa akuyar nan ce ake sayarwa a sayi hatsi a watan da rumbu ya yi ƙasa. A gidajen Maguzawa, waɗanda kowa ya shaida ƙwarewarsu a noma, mata har duƙawa suke yi a gonar kansu, suna da rumbunsu daban.

Ba zan yi muku ado da zamanin ba. Bayan zakka, wadda take dami ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, akwai kuɗin ƙasa, akwai kuɗin shuka a kan irin su rogo da taba da rake, su kuma da kuɗin wuri ake biyansu. Akwai fara, akwai agana, akwai shekarar da ruwa ke ƙi. Mafi muni akwai bauta. Manyan gonakin masu sarauta da attajirai, rinji, bayi ne suke noma su, kuma da yawa cikin bayin nan manoma ne irinsa da aka kama a gonarsu. Mutum ya fita da safe yana ɗa, kafin azahar yana ɗaure a bayan doki, sai in danginsa sun iya haɗa kuɗin fansa. In kun ji ana kama mutum yau a nemi kuɗi, ku sani kakanninku sun san wannan kuka, sun kuma san abin da ake sayarwa a fanshi ɗan'uwa. Allah Ya kiyaye mu da maimaita sauran.

Akwai abu ɗaya da nake faɗa da nauyin baki, don na san raunin bai warke ba. Manomin nan da Bafillatanin da ke kiwo kusa da shi, kowa yana da buƙatar ɗan'uwansa. Da an kwashe amfani, mai gona da kansa yake zuwa ruga ya roƙi a zo a sauka a gonarsa, shanu su ci kara da harawa su bar taki, ya ba da damin hatsi a kai. Mata su kawo nono su koma da gero. Wanda ya tara ɗan abin hannu ya sayi saniya, a ruga yake ba da ita kiwo. An bar burtali, an san ranar da ake sakin dabbobi. Ana saɓawa, ana ɓarna, ana zuwa gaban mai gari a biya. Lokacin da annobar shanu ta ratsa ƙasashen nan wajen 1890 ta kusa share garke, makiyaya da yawa a ƙauyukan manoma suka sami abin kai wa baki, wasunsu suka kama hauya tun daga ranar. Wanda ya ɗauki bindiga ya kashe ya sace, azzalumi ne ko ɗan wane ne, hukuma ta yi aikinta a kansa. Amma kada ku bar ɗanku ya tashi yana ganin duk mai sanda da saniya maƙiyinsa ne. Yawancinsu su ma an kore musu shanu, an kashe musu 'ya'ya. In ƙura ta lafa, gonarku za ta nemi taki, kuma buhun takin zamani kun ga kuɗinsa.

Ƙurar wancan zamani ta lafa. Turawa sun shigo Katsina a 1903, aka ja iyaka tsakanin nan da Maraɗi, hare-haren suka mutu, ko da yake mulkin ya zo da nasa nauyin. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko mutane suka riƙa fita daga bayan ganuwa suna komawa daji. An sha yunwar Kakalaba a 1914, duk da haka ba a fasa ba. Wasu baƙi ne daga nesa, wasu kuwa jikokin waɗanda aka kora ne, suka dawo suna neman kufan iyayensu bayan shekara sittin. Abin da ya kai su wurin shi ne abin da aka riƙa faɗa musu tun suna yara a garin gudun hijira, cewa gonarmu tana gabas da dutse kaza, daga tsamiyar nan zuwa bakin ƙorama. Tsoffin da suka faɗa musu ba su ga komawar ba. Sun dai tabbatar yaran sun haddace.

Wannan nake roƙonku. Wanda ya ga zama ba zai yiwu ba, ya tashi da iyalinsa, rai ya fi gona, kakanninku ma sun gudu kuma ba abin kunya ba ne. Ku yi acaba, ku yi dako, ku yi karatu in Allah Ya ba da hali, ai su ma da rani sana'a suke yi. Amma gona, kada ku sayar da ita a shekarar tsoro. Mai saye a irin wannan lokaci ya san abin da yake yi, yana ba ku kuɗin da ba su kai amfanin 'yan shekaru ba, yana jiran ranar da ku ba ku yi zaton za ta zo ba. Babur yana tsufa cikin 'yan shekaru, kuma in ya lalace ba ka da inda za ka koma. In matsi ya kai maƙura, akwai aro, akwai haya, akwai jingina, duk hanyoyi ne da aka gada waɗanda ke barin asalin gona a hannunka. A yi a gaban mai gari da shaidu, a rubuta, kowa ya riƙe takardarsa. 'Yan'uwa kuma ku yi haƙuri da juna, kada ku matsa a raba gado yanzu don kowa ya sayar da nasa.

Irin geronku da dawarku na gida, wanda ya saba da ƙasar nan da ruwanta, kada ya ɓace a hannunku. Ko a bayan ɗakin haya kuke, ku sami ɗan wuri ku shuka kaɗan duk damina don ya sabunta, domin iri in ya daɗe a ajiye ba ya tsira. Wanda ya sami komawa gona, ya ji tausayin gawo da ɗorawa, kuɗin gawayi na mako ɗaya ne, bishiyar kuwa sai jikanka ya ga girmanta. Kuma tun da sauran tsofaffi a raye, ku zauna da su da takarda da alƙalami, ko ku ɗauki muryarsu a waya. Ku tambaye su iyakar kowace gona, wa ke gabas wa ke yamma, wace aka ara wace aka gada, ina tsohuwar rijiya take, ina burtali ya bi. In hanya ta yi kyau da rani, ku ɗauki tsoho ɗaya a babur ɗin nan naku, ku je da ƙannenku, ya taka muku iyakar da ƙafarsa kuna gani.